Daga Bombo zuwa Kibra, wajen jikokin sojojin da aka cinye wa albashi

Bikin kammala karatun ƙanena ne ya kai ni Yuganda, don in ba ku sani ba yaranmu na Arewa sun cika jami'o'in Kampala da Mbale. An yi biki an watse, 'yan uwa suka kama hanyar gida, ni kuma na ɗan tsaya saboda tikitina na dawowa daga Nairobi ne, dole sai na tsallaka Kenya ta mota. To a cikin abokan ƙanen nawa akwai wani yaro natsattse ɗan ƙabilar Nubi, mutumin garin Bombo, shi ne ya ja ni cikin wannan labari, kuma duk abin ya faro ne daga hawa hasumiyar masallaci.

Babban masallacin ƙasar yana kan tudun Old Kampala, kowa masallacin Gaddafi yake ce masa. Idi Amin ne ya fara ginin a 1972, aiki ya tsaya shekara da shekaru, sai Gaddafi ya zuba kuɗi aka ƙarasa aka buɗe a 2007. Muka hau hasumiya ina haki ina hutawa, da muka kai sama ga gari nan shimfiɗe kan tuddai, sai mai zagayawa da baƙi ya nuna ƙasa yace ai a nan Kyaftin Lugard ya kafa sansaninsa a ƙarshen 1890. Nace wane Lugard ɗin? Ashe dai Lugga namu ne, wanda sojojinsa suka ci Kano a Fabrairun 1903 suka ci Sakkwato a Maris, a lokacin ko gwamna bai zama ba, ma'aikacin kamfanin Ingila na Gabashin Afirka ne kawai, ya zo da 'yan sojoji kaɗan da tarin 'yan dako da tsohuwar bindigar Maxim. Yaron nan ya yi murmushi yace, "Yaya, ai shi ya kawo kakanninmu ƙasar nan, kuma har gobe muna bin Turawa bashi." Nace to kai ni in ji daga bakin manya.

Bombo ba nisa, kilomita talatin da 'yan kai arewa da Kampala kan titin Gulu. Ka hau irin fararen bas ɗin nan nasu masu zanen shuɗi a jiki, ku kutsa cunkoson Bwaise da Kawempe, ku wuce Matugga, sai gonakin ayaba da jar ƙasa. Garin bariki ne, a zamanin Turawa nan ne mazaunin bataliya ta 4 ta rundunar King's African Rifles, kuma har yau akwai babban bariki, don haka tun a mota yaron ya ce in mayar da wayata aljihu kar in kuskura in ɗauki hoto ta wajen. Unguwannin Nubi suna kewaye da barikin, masallatai ko'ina, mata da lulluɓi masu launi. Harshensu daga Larabci ya tsiro, da ɗan Larabcin Islamiyya na riƙa tsintar kalma nan da can, amma in suka ɗau zance da sauri sai dai in bi su da ido.

Kakan yaron muka samu a zaune ƙarƙashin bishiyar mangwaro, dattijo mai tsage uku a kowane kumatu, shi tsohon soja, ubansa tsohon soja, kakansa ma haka. Na durƙusa na gaishe shi, nace Baba daga Najeriya nake, yace ai ya san mutanenmu, ya yi aikin hajji da su. Aka kawo shayi da wata irin gurasa mai laushi da miyar kuɓewa, matarsa na gefe tana saƙa murfin abinci mai tsini da zare kala-kala, ɗinkin sak irin na faifanmu. Jikan na fassara, wani wurin Baba ya juya Turanci da kansa in ya ga yaron na rage masa magana. Abin da zan faɗa a ƙasa haɗe yake, wani daga bakinsa, wani daga abin da na bi na karanta bayan na dawo, don dattijon ba ruwansa da shekaru, sunaye yake riƙewa.

Asalinsu sojojin Masar ne. Tun da Muhammad Ali Basha ya aika yaƙi Sudan a 1820 gwamnatin Masar ke cika rundunarta da mutanen kudancin Sudan da na duwatsun Nuba, akasarinsu kamo su aka yi a matsayin bayi aka musuluntar aka miƙa musu bindiga. Da su aka riƙe lardin Equatoria can saman kogin Nilu, wanda daga 1878 wani likita Bajamushe mai suna Emin Pasha ke wa gwamna. Sai ga Mahadi ya tashi a 1881, Khartum ta faɗi a Janairun 1885 aka kashe Gordon, Baturen Ingila da ke riƙe da garin, hanyar arewa ta toshe gaba ɗaya. Ba jirgin ruwa, ba wasiƙa, ba albashi. Mutanen nan suka zauna a tashoshinsu irin su Dufile da Wadelai, suka yi noma, suka shuka auduga suka saƙa kakinsu da kansu, suka yi aure suka hayayyafa, amma ba su sauke tutar Masar ba, kuma kowa na lissafin watannin da yake bin gwamnati a ransa, wai wata rana za a biya.

A 1888 Baturen nan mai yawon bincike Stanley ya sadu da Emin a tafkin Albert wai ya zo cetonsa, da wasiƙar Khidiwi mai mulkin Masar a hannunsa. Abin da takardar ta ƙunsa a taƙaice: wanda ya fito ya taho za a biya shi haƙƙinsa, wanda ya zaɓi zama kuwa ya zauna a kan kansa, kar ya sa ran komai daga gwamnati. Ku duba fa, mutum yana da mata da 'ya'ya da gona, a ce ya kwashe su a ƙafa har bakin tekun Indiya kafin ya ga kuɗin guminsa. Da yawa ma cewa suka yi takardar jabu ce, so ake a sayar da su ga Turawa. Suka yi bore a watan Agusta, suka tsare Emin a Dufile wata da watanni, runduna ta rabu biyu, ɓangaren Fadl al-Mula da ɓangaren Salim Bey. Salim ya roƙi a jira shi ya tattaro mutanensa, Stanley ya ɗan jira ya gaji, a Afrilun 1889 ya ɗauki Emin da waɗanda suka samu isowa ya tafi. Bashi na farko kenan, na Masar.

Baba da ya zo kan Salim Bey sai ya gyara zama, ka san nan ne gwarzonsa. A Satumban 1891 Lugga ya same su a Kavalli kusa da tafkin Albert, mutum sama da 8,000 in ka haɗa mata da yara da barori, masu bindiga a cikinsu ba su kai dubu ba. Shi Lugga sojoji yake nema ido rufe, kamfaninsa kuma ba kuɗi. Salim ya ce shi bawan Khidiwi ne, gashinsa ya yi fari a ƙarƙashin tutar nan ba zai canja ta ba sai da izini, aka daidaita a kan za a rubuta wa Alƙahira, kafin amsa ta zo za su yi wa kamfani aiki. Lugga ya kwashe su ya jera a ƙananan sansanoni kan iyakar masarautun Toro da Bunyoro, ya ɗebi kaɗan ya taho da su Kampala, da su da bindigar Maxim ya shiga faɗan Mengo, fadar sarkin Buganda, a Janairun 1892 ya ɗaura wa 'yan Furotesta gindi a kan Katolika. Watanni kaɗan bayan nan ya bar Yuganda bai sake komawa ba. Shi kuwa Salim, shekara ɗaya tak bayan tafiyarsa wani hafsa mai suna Macdonald ya zarge shi da haɗa baki da Musulmin Buganda, aka kama shi aka nufi bakin teku da shi yana fama da ciwo, ya rasu a hanya.

Nan ne na yi tambayar da ta ɗan sa wurin ya yi shiru. Nace Baba, su waɗanda aka bari a sansanonin Toro ba albashi ba abinci, me suke ci? Ya kalli jikansa, ya kalle ni, yace ɗana soja mai yunwa da bindiga a hannu ai ba sai an gaya maka ba. Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba, ina cin abincin gidansa.

Amma da na koma Kampala da dare muna zaune da abokan ƙanena ana cin rolex, wato capati da aka naɗe ƙwai a ciki, sai wani yaro ɗan Bunyoro ya ji abin da muke tattaunawa, ya ajiye nasa yace su a wajensu labarin ba haka yake ba. Su abin da kakanninsu suka riƙe shi ne an kwashe musu shanu da hatsi da mata, an ƙona garuruwa, kuma da waɗannan sojojin Turawa suka yaƙi sarkinsu Kabalega daga ƙarshen 1893. Gaskiyarsa kuma, tarihi ya rubuta haka. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a duk tafiyar, don ni da na taso daga Bombo tausayin Nubi ne fal cikina. In gwamnati ta ƙi biyan soja ba wai ba a biya ba ne, an biya, talakan da ke kusa da bariki ne ya biya da akuyarsa da rumbunsa. Kamfani ya yi tsimin kuɗinsa, Bature ya rubuta a rahoto cewa sojojin Sudan ba su da tarbiyya, ƙiyayyar kuma ta zauna tsakanin baƙi da baƙi har jikoki. Yaran biyu abokan juna ne, ɗaki ɗaya ma suka taɓa zama, amma daren nan kowa ya tsare gida.

Da zan tafi Kenya sai na ƙi hawa doguwar bas kai tsaye, na biyo ta Jinja na kwana, da safe na nemi mai boda, wato ɗan acaɓa, ya kai ni Bukaleba a gundumar Mayuge. Hanyar duk rake ne hagu da dama, manyan motoci maƙare da shi suna tafe suna zubarwa, in suka wuce ka sai jar ƙura ta rufe ka ruf. Wurin tudu ne a bakin tafkin Victoria, daji ya kewaye, abin da ya rage ɗan ginin duwatsu ne na tunawa, ba wani shago ba mai karɓar tikiti. Mai bodan ma sai da ya tsaya tambaya. A nan sansanin Luba yake, kuma a nan maganar albashi ta zama jini.

Yadda abin ya faru, gwamnatin Ingila ta karɓi Yuganda daga hannun kamfani a 1894, ta mai da sojojin nan rundunar Uganda Rifles a shekara ta gaba. Kurtu rupi 4 yake ɗauka a wata, kuɗin Indiya da ake kashewa a yankin lokacin, alhali takwarorinsa da ke aiki ta wajen bakin teku suna ɗaukar ninkin haka, kuma ko rupi huɗun ba ya zuwa a kan kari, watanni ake tarawa. Ga yawo ba hutu, yau Bunyoro, gobe Nandi, jibi Buddu wajen yaƙin Sarki Mwanga na Buganda, ɗaruruwan mil a ƙafa. A 1897 suna dawowa daga wannan aka ce su sake ɗaura kaya su bi wata doguwar tafiya arewa wadda ba a gaya musu inda za ta ƙare ba, ba kuma za su tafi da iyalansu yadda suka saba ba, shugaban tafiyar kuma wa? Macdonald, wanda ya kama Salim Bey. A watan Satumba ta wajen Eldama Ravine, cikin Kenya ta yau, suka ce ba za su ba, suka nemi a saurari kukansu, aka harba musu bindiga, daga nan suka juyo yamma ƙarƙashin hafsoshinsu Bilal da Mabruk da Sulaiman har suka iso Luba, 'yan uwansu da ke gadin sansanin suka buɗe musu ƙofa.

Kwamandan da suka kama a ciki Manjo Thruston ne, kuma abin takaicin shi ne mutumin yana jin Larabci, ya yi aiki a rundunar Masar, shi da kansa ya ɗauko ragowar mutanen Fadl al-Mula aiki a 1894, ya zo Luba ne da tunanin in ya yi magana za su ji. A watan Oktoba bayan an gwabza da mutanen Macdonald a kan tudun suka harbe shi da wasu Turawa biyu. Daga nan ba sauran sulhu. Aka yi musu ƙawanya har Janairun 1898 da taimakon dubban mayaƙan Buganda, ƙanen Macdonald ya mutu a wajen, ɗan mishan Pilkington ma haka, sai da aka kawo sojoji daga Indiya. Suka sulale ta ruwa suka yi arewa, wasu suka haɗe da Kabalega da Mwanga, waɗanda aka kama a Afrilun 1899 aka kai tsibirin Seychelles. Ragowar 'yan boren sai 1901 aka gama da su. Bayan duk wannan asarar rai da dukiya, sai gwamnati ta ƙara wa sojojin da suka rage albashi. Ina tsaye a wajen ina lissafi, kuɗin da aka kashe wajen ɗauko bataliya daga Indiya ai da ya biya ariyas ɗin nan har da canji. A wannan shekara ta 1897 ɗin dai aka ba Lugga aikin kafa rundunar da ya zo ya ci ƙasarmu da ita, ita ma cike da Hausawa da Yarbawa.

Mai bodan ya gaji da jirana ya fara danna hon, muka juyo.

Daga Busia na hau bas ɗin dare. Sanyin tsaunukan Kenya ba wasa ba ne, duk wanda zai bi hanyar ya riƙe rigar sanyi a hannu kar ya sa ta a but. Gari na wayewa muna wuce Naivasha, inda aka ce nan Salim Bey ya cika, ba alama ba komai, gidajen roba na noman furanni ne jere har bakin tafki.

A Nairobi ɗan uwan yaron Bombo ne ya tarbe ni, saurayi mai gyaran waya, don Nubi na Yuganda da na Kenya dangi ne, suna auratayya suna zuwa wa juna biki. Muka hau matatu, wato bas ɗin haya, ta titin Ngong muka sauka Makina cikin Kibra, wadda duniya ta sani da Kibera, unguwar da kullum ake nunawa a talabijin in ana maganar talauci. Rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, lunguna da sai ka karkata kafaɗa, kwata na bin tsakiyar hanya, layin dogo ya ratsa ta ciki mutane sun baza gwanjo a kansa. Amma a tsakiyar wannan cunkoso sai ka faɗa wani tsohon gida mai tsakar gida da bishiya, ginin ƙasa mai kauri, ka san wannan ya riga maƙwabtansa zuwa. Gidajen Nubi kenan.

Nan bashin ya canja kama, daga kuɗi ya koma fili. Da aka haɗa rundunar King's African Rifles a 1902 sojojin Sudan ne ƙashin bayan bataliya ta 3 ta Kenya, kuma tsarin ba fansho na kirki a ciki, in ka yi shekara 12 ka ajiye kaki sai a ba ka 'yar takardar izinin zama da noma a dajin da ke bayan bariki. A 1918 aka ayyana wurin a hukumance a matsayin filin soja, eka 4,197. Su a fahimtarsu wannan fili shi ne fanshonsu, an ba su ne a madadin kuɗin da ba a biya ba. A fahimtar gwamnati kuwa aro ne, filin Sarauniya ne ko na Sarki, ranar da aka ga dama a karɓe. Takardar izini ce, ba ta mallaka ba. Hukumar binciken filaye ta Carter a farkon shekarun 1930 ta yarda cewa akwai nauyi a wuyan gwamnati game da tsofaffin sojojin, amma ta tsaya a kan su zauna iya rayuwarsu. Da suka ga haka suka nemi a mayar da su Sudan, ba sau ɗaya ba, aka ƙi. Suka yi wa Ingila yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ana haka ana yankar filin, nan filin wasan golf, nan rukunin gidajen Woodley, bayan 'yancin kai a 1963 aka ci gaba da yanka, mutane kuma suka yi ta kwararowa daga karkara neman aiki suna kama haya.

In faɗi gaskiya su ma Nubin sun ci moriyar hayar, da yawansu da ɗakunan haya suka rayu, kuma rikicin mai gida da ɗan haya ya sha jawo faɗa a unguwar har da rasa rai. Ba labarin waliyyai nake ba ku ba.

Saurayin ya kai ni wajen kakarsa, na gaishe ta nace Hajiya ina wuni, ta sa aka shimfiɗa min tabarma. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta aika a ɗauko mata wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambobin yabo biyu da ƙyallensu ya koɗe, hoton wani dogon mutum da doguwar jar dara da bel mai faɗi, da takardar sallama daga aikin soja ta mahaifinta, an ninke ta har ta tsage a kan ninkin, an bi da salatif an manne, salatif ɗin ma ya zama ruwan ƙasa. Wajen da aka rubuta halinsa an sa yabo. Ba ta bari na riƙe ba, ita ta buɗe ta riƙe min ina karantawa, da na gama ta ninke ta bi sawun ninkin farko. Tace uban nata har ya mutu in ya ji an ce wani babba daga Ingila zai zo Nairobi sai ya sa a goge masa lambobin.

Nan na tuna 'yan mazan jiya namu na yaƙin Bama, waɗanda muka taso muna gani a bakin ofisoshi da kakinsu da ya sha wanki, da kuma na Accra da suka yi maci a 28 ga Fabrairun 1948 don neman haƙƙinsu aka harbe uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Bambancin shi ne namu da suka dawo suna da garin komawa, akwai gonar gado, akwai dagacin da ya san ubansu. Su Nubi ba su da ƙauyen da za su ce nan ne namu, an ciro kakanninsu daga ƙabilu daban-daban tun suna yara, bariki ne garinsu. Shi ya sa na Yuganda da Idi Amin ya faɗi a 1979 aka huce a kansu saboda yadda ya cika soja da su, Bombo ta watse, suka gudu Sudan da Kenya, sai bayan 1986 suka riƙa dawowa, kundin tsarin mulkin 1995 ya sa sunansu cikin ƙabilun ƙasa.

Na Kenya kuwa kotu suka bi. Suka kai ƙara har gaban hukumomin Tarayyar Afirka, kwamitin kare haƙƙin yara ya ba su gaskiya a 2011 kan maganar zama 'yan ƙasa, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta sake ba su a 2015. A watan Yunin 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya miƙa musu takardar mallaka ta eka 288 da sunan amintattun al'umma. Saurayin ya ciro waya ya buga min lissafi, 288 cikin 4,197, ko kashi 7 cikin ɗari bai cika ba. Yace sun yi murna ranar, an yi kiɗan doluka har dare, don shekara ɗari ana jira, amma eka 288 ɗin ba fili ne fetal ba, gidaje ne a kai maƙil, na Nubi da na waɗanda ba Nubi ba, kuma wanda ya shekara talatin a ɗaki ba ka ce masa tashi don ka nuna masa takarda.

Na tambaye shi ko har yanzu suna sa ran wani abu daga Ingila ko Masar. Ya yi dariya yace Yaya wannan zancen tsofaffi ne, shi abin da ya dame shi katin ɗan ƙasa. Lokacin da ya cika 18 abokansa na makaranta suka je suka cike fom suka karɓo nasu, shi kuwa da aka ga sunansa da ƙabilarsa sai aka tura shi gaban kwamitin tantancewa, a kawo takardar haihuwar uba, a kawo ta kaka, a zo da dattijon da zai yi rantsuwa. Ba kati ba layin waya da sunanka, ba asusun banki, ba aikin gwamnati. Cikin abin da ya haɗa ya kai har da takardar nan ta cikin gwangwani, Hajiya ta raka shi da kanta don ba ta yarda ta bar hannunta ba, ya yi ta zarya kafin katin ya fito. Gwamnatin Ruto ta sanar a 2024 cewa ta soke wannan tantancewa. Yace ƙanwarsa ce za ta nema nan gaba, a kanta za su gane ko sanarwar ta iso ofishin unguwarsu.